Harsunan da Ke Cikin Gwangwani

Nayo ya shigo gidanmu wata Talata da hantsi a kan keken guragu, Wendell na tura shi, ga wani tsohon gwangwanin kofi a cinyarsa ya dafe da hannun dama kamar za a ƙwace masa. Hannun hagu kuwa yana kwance a gefe, inda ya kwanta tun watan Janairu. Bai gaishe ni ba, bai gai da mijina ba. Ya ɗora gwangwanin a kan teburin kicin, tsakanin kwanon wake da tortiya, wainar masararmu, ya tura shi gaban Chebo.

"Ga kayanka."

Chebo ya dubi gwangwanin sau ɗaya, ya ci gaba da tauna.

"Ban ba ka ajiyar komai ba."

"Ka ba ni. Buɗe."

"Abinci nake ci."

"Tun muna samari kake cin abinci. Buɗe, na ce."

Tun da ciwon ya shanye masa ɓarin jiki, maganar Nayo sai an kasa kunne, don bakin ya karkace. Amma faɗa dai bai ragu ko kaɗan ba. Ni dai na ƙara wa Wendell kofi. Na san abin da ke cikin gwangwanin nan, Wendell ya sani, mai taunar kuma ya fi kowa sani.

Nayo yayana ne, Chebo mijina, Wendell Hruska kuma Baturen da ya liƙe musu tun suna samari, har yau bai saki ba. Su ukun nan su ne makaɗan da ake kira Los Chivos Pintos, wato Awaki Masu Dabbare-dabbare. Duk wanda ya yi aure ko ya yi wa 'yarsa bikin cika shekara sha biyar a Santa Rufina, daga zamanin auduga zuwa bara, da kiɗansu ya taka rawa. Chebo ke jan akodiyon, abin kiɗan nan mai zuga da maɓallai. Nayo ke kaɗa bajo, babbar jitar nan mai tsirkiya goma sha biyu da ke riƙe ƙasan kiɗa. Wendell ke da jitar lantarki da waƙoƙin Turanci.

Masu akodiyon na wajenmu suna da wata al'ada. Akodiyon ɓari biyu gare ta, dama ke rera waƙa, hagu ke ba da kauri. To da yake kowane mai akodiyon yana da mai bajonsa, sai ya buɗe cikinta ya zare harsunan ƙarfen da ke ɓarin hagu, don ta yi sauƙi a hannu, iska ta wadace ta, kada kuma ta shiga wa mai bajo aikinsa. Maɓallan suna nan a waje, amma ko ka danna sai dai huci. Kowa haka yake yi, ya jefa harsunan a durowa har su ɓace. Chebo ne kawai, da yake shi komai sai ya yi masa biki, ranar da ya zare nasa a tsakar gidan mahaifinmu ya miƙa wa Nayo, ya ce, "Riƙe. Daga yau kai ne hannuna na hagu." Ina wurin ina shanya, ina yi kamar ba shi nake kallo ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan.

"Fada ya zo wurina jiya," in ji Nayo. "Ya ce in Chivos ba za su yi bikin coci na Oktoba ba, kwamiti zai kira mutumin nan mai na'urar saka kiɗa da lasifika."

"Ya kira."

"Na'ura fa, Chebo. A zauren rawarmu."

Wendell ya yi gyaran murya. Sifaniyancinsa har yau kamar mai tauna tsakuwa, amma ba ya haƙura. "Akwai wani mai bajo a garin Alice, an ce hannunsa..."

"Rufe mana baki, Bature," suka ce tare. Abin da kawai suka yarda a kai ke nan a ranar.

Chebo ya ture kwanonsa. "Babu Nayo, babu Chivos. Na gama magana."

"Ga ni zaune a gabanka kana maganata kamar an binne ni," in ji Nayo. "Mayar da su inda ka ciro su. Ka kaɗa ƙasan da kanka."

Chebo ya tashi ya fita ba barkononsa ruwa, barkonon da ya riga ya ba ruwa da safe. Da suka tafi na ɗauki gwangwanin na ɗora a kan firij, inda duk wanda ya zo neman madara sai ya gan shi.

Ni mai na'ura bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne mijina. Tun ranar da aka kwantar da Nayo, Chebo bai taɓa akodiyon ba. Mutumin da ko aski yake yi yatsunsa na tafiya a gefen kwatamin wanka, ya koma zama a baranda yana kallon motoci. Wandunansa suka fara zamewa. Likita ya ce babu abin da ya same shi, ni kuwa da nake kwana kusa da shi na san akwai. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Ciwo ɗaya ya shigo danginmu, yana neman ya tafi da maza biyu.

Su ukun nan ba sa iya zama shiru, tun farko ma hayaniya ce ta haɗa su. Chebo da Nayo suna kaɗa polka, kiɗan rawarmu na gado, a bayan injin gurzar auduga wata Asabar da yamma, Wendell ya sauko daga motar ubansa ya tsaya. Shi ɗan manoma ne 'yan asalin ƙasar Cek, da polka aka yaye shi, ya tsane ta, kiɗan rok na zamani yake so. Ya ce su bari ya gwada wani abu. Ya jona jitarsa da wutar ofishin ma'auni, ta yi wani irin kuka, karnuka suka amsa daga ƙetaren titin jirgi. Nayo ya ce wannan ba kiɗa ba ne. Sannan ya ce ya sake.

Juma'a sukan yi wa kaboyi kiɗa a wata mashaya da ke hanyar Freer, inda a lokacin irinmu 'yan asalin Meziko ta ƙofar baya muke shiga. A can Wendell ne a gaba, Chebo kan ɓoye akodiyon a bayan lasifika sai an yi waƙa biyu uku, giya ta fara aiki, sannan ya fito da ita a hankali. Asabar kuma zaurenmu, inda tsofaffi ke toshe kunne da zarar Wendell ya ɗaga jita. Kaboyi suka ce kiɗan ya cika Meziko, namu suka ce ya cika Turanci. Mai zauren, marigayi Don Fulgencio, shi ya ce musu ba su fari ba su baƙi, awaki ne masu dabbare-dabbare. Zagi ya yi, Nayo ya sa aka rubuta a jikin motarsu. Akwai shekarar da faifansu ɗaya ya shiga rediyo tun daga Corpus har Laredo, har wani mutum ya zo daga Austin da alkawura cike da baki. Ya ce su zaɓi ɗaya cikin ukun, rok ko kiɗan kaboyi ko namu. Suka ciyar da shi naman kan saniya, suka raka shi mota.

Masu ganga kuwa ba su taɓa daɗewa ba, kuma laifin yayana ne. Nayo ba ya faɗowa daidai kan bugu. Kullum sai ya ɗan makara, kaɗan ne, kamar mai jiran wani ya fara wucewa ta ƙofa. Masu ganga suka yi ta zuwa suna tafiya da ciwon kai, har aka haƙura da ganga gaba ɗaya. Chebo kuma bai taɓa fasa mita ba. A mota, a coci, a ranar aurenmu ma sai da ya juya ya ce, "Ka makara, suruki." Nayo ya ce, "Kai ne ka yi sauri."

Gwangwanin ya yi kwanaki a kan firij. Wata safiya na ga Chebo ya buɗe firij ɗin kansa a sunkuye don kada su haɗa ido, sai raina ya ɓaci.

"Tsoho, gwangwani kake jin tsoro?"

"Ki bar ni, Herminia."

In ya kira cikakken sunana, to abin ya kai masa. Amma ni ma ya kai mini.

"Ba zan bar ka ba. Mutum ya sa an turo shi tun daga ƙarshen gari, da hannu ɗaya, ya kawo maka abu, ka tafi ba barkono ruwa. Haba!"

Ya zauna. Ya daɗe yana murza gefen teburi da babban yatsa.

"In na mayar da su," ya ce a hankali, "na ce ya gama ke nan. Ni ba zan faɗa ba."

"Shi ya san ya gama. Likita ya gaya masa, hannun ya gaya masa. Ka ɗauka da sauƙi ya sauko da gwangwanin nan? Abu ɗaya ya rage masa da zai iya ba ka, ya ba ka, ka ƙi karɓa. Kai kake ganin kara kake yi masa."

Ya ci gaba da murza gefen teburin. Na fita shanya, don in na tsaya zan yi kuka, ni kuma ba na son a ga kukana da safe. Da na dawo, gwangwanin yana kan teburi a buɗe. Katako biyu ne, kowanne da jerin harsunansa, an naɗe su a cikin jar rigar nan mai maɓallan lu'ulu'u, irin wadda suka fara sawa su uku. Babu tsatsa ko ɗigo. Fatun da ke kan harsunan ma sababbi ne, wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sauya. A Santa Rufina, inda raɓa ke cinye ƙarfen gado, harsuna ba sa zama haka da kansu.

"Dubi wannan tsohon banza," in ji Chebo. "Ashe duk shekarun nan kula da su yake yi."

Ya ɗauko filaya, ya zare ƙusoshin zugar, ya buɗe ta. Harsunan suka shiga wurinsu kamar jiya aka cire su. Da ya ɗaga ta ya ce ta yi nauyi.

To, mayarwa daban, kaɗawa daban. Hannun hagun Chebo ja da turawa kawai ya sani, yatsun ba su taɓa aikin komai ba. Aka koma gareji. Kullum bayan abincin rana Wendell zai turo Nayo, a ajiye shi kusa da injin wanki, gwangwanin da babu komai a ciki a kan cinyarsa, yana buga murfin da zoben aurensa, wanda ya koma hannun dama. Makon farko abin ba ya saurarowa. Dama na rera waƙa kamar yadda ta saba, hagu na faɗowa inda ta ga dama. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko mun sayi jaki.

"Na tsakiya, dabba! Maɓallin tsakiya!" in ji Nayo. "Yatsu ne da kai ko ayaba?"

"Zo ka yi mana, tunda ka iya."

"Da zan iya, da kai zan tsaya kallo?"

Wendell dai sai ya sunkuya yana gyara tsirkiyar da ba ta kwance ba. Ni kuwa daga kicin ina jin su, ina murna. Chebo ya soma neman ƙarin abinci.

Da aka shiga Satumba yatsun sun gane hanya. Wata rana Chebo ya kaɗa polka guda tun daga farko har ƙarshe babu kuskure, hagu na faɗowa daidai kan bugu, cas, cas, kamar agogo. Ya sauke akodiyon yana haki, yana jiran yabo.

"Ina za ka da wannan sauri?" in ji Nayo. "Kare ya biyo ka?"

"Nan ne wurinsa. Nan ne wurinsa tun da aka halicci polka. Yau dai Allah ya nuna mini ranar da aka kaɗa ta daidai."

"Minnie!" Nayo ya ƙwala mini kira. "Zo nan. Bature, ajiye jitar nan ka kama ƙanwata."

Na fito da kumfa a hannu. "Yaya, wanke-wanke nake yi."

"Kwanonin ba za su gudu ba. Taka."

Rawarmu ba tsalle ba ce. Ƙafa ba ta barin ƙasa, ja ake yi, a zagaya fili a hankali. Chebo ya fara, muka taka, ni da Wendell. Ban san me ya faru ba, sai na ji kamar ana tura ni daga baya. Kafin in gama jan ƙafa bugun ya wuce, sai in ɗaga ta in bi shi. Na taka Wendell, ya taka ni, muka yi karo da injin wanki.

"To yanzu ki bi gwangwani," in ji Nayo.

Ya soma bugawa, a makare, kamar kullum. Ƙafata ta sami wurin da za ta sauka. Ban yi tunani ba, jikina ne ya sani. Muka zagaya garejin har sau biyu, Wendell na murmushi kamar wawa.

Chebo ya tsaya. Ya dube ni kamar na ci amanarsa.

"Ke ma?"

"Tsoho, ni ƙafa ce da ni, ba agogo ba."

Ranar bai ci abincin dare da mu ba. Amma washegari, da aka koma gareji, na lura ya juya kujerarsa. Ya daina kallon maɓallai, hannun Nayo yake kallo. Zobe ya sauka, yatsa ya sauka. Bai ce an fi shi gaskiya ba, Nayo kuma bai nema ba. In dai gwangwani na bugawa, kiɗa na tafiya. In Nayo ya tsaya goge baki, hagun Chebo sai ta rikice ta tsere gaba.

"In babu ni fa?" in ji Nayo wata rana.

"Ina za ka?" in ji Chebo. "Da wace ƙafar?"

Ranar bikin, bayan an taso daga coci, aka buɗe ƙofofin zaure duka saboda zafi. Mata na sayar da tamale, alalar masara mai nama, a bakin ƙofa, an barbaɗa garin masara a daɓe don takalma su yi santsi. Rana ta shigo ta tagogin yamma ta kwanta a tsakiyar fili. Mai na'ura ma ya zo, kwamiti ya ce ya jira a waje da motarsa ko da za a buƙace shi, na gan shi yana cin masara a inuwa. Nayo ya ƙi a hau da shi dandali. Ya ce a ajiye shi a ƙasa, a gefen hagu, inda Chebo zai gan shi. Na ja kujera na zauna kusa da shi.

Mutum biyu a dandalin da aka saba ganin uku. Zauren ya yi tsit, irin shirun da ba na so. Wendell ya matso kusa da makirufo ya ce da Sifaniyancinsa na tsakuwa, "Akuya ɗaya ta sauka ƙasa, amma tana nan tana sa ido." Aka yi dariya, aka saki jiki.

Suka fara da waƙar kaboyi mai sanyi, sannan rok ɗin nan da ya shiga rediyo, Wendell ya sa jitar ta yi kukanta, tsofaffin da iyayensu suka toshe kunne a da suka yi ta ihu. Nayo na buga gwangwani, Chebo na kallon zobe. Sai aka zo polka. Kujeru suka yi ƙara, fili ya cika, aka soma zagayawa. Sautin takalma a kan garin masara ya tashi, shuu, shuu, kamar ana shara a gidaje da yawa lokaci ɗaya. Na ga Doña Cuca, wadda da sanda ta shigo, ta rataye sandar a hannun jikanta tana ja.

Ana tsakiyar waƙar, masu rawa suka taru a gabanmu suka tare mu, har dandalin ya ɓace mana. Na miƙe zan ce su matsa, don na san abin da zai biyo baya. Nayo ya ce, "Zauna."

Na dube shi. Hannunsa yana kwance a kan murfin gwangwani. Ba ya bugawa. Ban san tun yaushe ya daina ba.

Na kasa kunne. Dama na rera waƙarta, jitar Wendell na bi. A ƙasa kuma, kauri na faɗowa a hankali, yana jira kowace ƙafa ta gama ja sannan ya sauka. Ba wanda ya yi tuntuɓe. Da mutane suka zagaya fili ya buɗe, na hango mijina. Ba gefenmu yake kallo ba. Idonsa a rufe yake, gumi na zuba, kansa a karkace kamar yadda yake yi tun yana saurayi.

Na yi murna, na rantse na yi murna. Amma da na juya na ga fuskar yayana sai murnar ta koma ciki. Hawaye ne ke bin ɓarin da ya mutu, inda ba ya jin su balle ya share. Na sa hannu zan goge masa, ya kau da kai.

"Kin ji shi?" ya ce. "A makare yake."

"Na ji, Yaya."

"Kada ki gaya masa."

Ya danna murfin gwangwanin da tafin hannu har ya zauna sosai, ya miƙo mini.

"Ki zuba wake a ciki," ya ce. "Gwangwani ne mai kyau."